Minti Tara a Ɗakin Kifi

"Baba, kifi ka zo saye ko kwana ka zo yi?" in ji mai gidan ƙanƙara, yana kallon bargon da ke kafaɗar tsohon.

Tsohon, wanda mai gyaran rediyo ne, bai biye masa ba. Rigar sanyi biyu ce a jikinsa, da tsohon kwat, da safa har uku a kowace ƙafa, ga rana tsaka, kowa na sharce gumi. Ya sake yin bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda karatu bai ratsa ba: so yake a rufe shi a ɗakin kifi na awa guda, don bincike.

Maganar autarsa ce ta kawo shi. Yarinyar ta yi karatu har malamai sun rasa abin da za su ƙara mata, sai wasu masana suka zaɓe ta ta bi jirgin ruwa zuwa can ƙarshen duniya ta kudu, inda ko'ina ƙanƙara ce, rana kuma takan yi watanni ba ta faɗi ba. Aikinta a can ƙirga tsuntsaye. Wasu tsuntsaye ne masu tafiya a tsaye kamar ma'aikatan banki, ga fukafukai amma ba sa tashi. Za ta ƙirga su, ta auna nauyin 'ya'yansu, a gane ko narkewar ƙanƙara na rage su. Uwarta ta ce ai kuwa an ci riba, shekara ashirin ana boko an ƙare a kiwon kaji, kajin ma ba nata ba.

Jibi ne tafiya. Takardu sun kammala, akwati ya cika. Abu guda ya rage: autar ta ce ba inda za ta taka sai Baba ya buɗe baki ya ce ta je. Shi kuwa a'a ce a ransa. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana sauraron tashoshin duniya a bakin aiki ba ya hana abu haka kawai kamar jahili, sai da hujja. In shi, namiji mai ƙashi, ya kasa awa guda, ina ita ina wata huɗu?

Mai gidan ƙanƙara ya ce ba komai, in ya sandare a ciki za a ɗora shi a sikeli a haɗa shi da manyan kifi. Ya nuna masa ma'aunin sanyin da ke jikin ƙofa: goma sha takwas ƙasa da sifiri. Tsohon ya jinjina kai. Shi a saninsa sifiri ne ƙarshen lissafi, ashe akwai wasu ɗakuna a ƙarƙashinsa.

Aka turo ƙofa, ta rufe da nauyi.

Kwalaye ne jere har rufi, fanka na gurnani, ƙwan lantarki guda ya yi furfura. Ya zauna a kan kwali ya duba agogo. Minti na farko daɗi ma ya ji. Ya hura iska ya ga hayaƙi na fita daga bakinsa, ya sake hurawa, har sau biyar. A wani buɗaɗɗen kwali kifaye sun zuba masa ido, baki a sake, kamar an katse su suna tsakiyar gulma.

A minti na huɗu kunnuwansa suka yi sallama da shi. Ya tuna tsuntsayen nan, a tsaye dare da rana, ba bargo, ba ƙofar da za su buga, ya ce lalle akwai bayin Allah a duniya. A na shida ya nemi yatsun ƙafarsa ya rasa. Sai autar ta faɗo masa a rai tana 'yar shekara uku, tana tsala ihu don an yi mata wanka da ruwan da bai ji wuta ba. Wannan ce za ta ƙirga wani abu a nan? A na tara ya tashi yana dukan ƙofa da hannu biyu, bincike ya kammala.

Mai gidan ya zaunar da shi a benci cikin rana, kamar shanya.

"Minti tara," ya ce. "Wai duk gidanku haka kuke, ko kai da 'yarka ce kawai?"

Haƙoran tsohon na karo da juna, bai iya tambaya ba, amma mai gidan bai jira ba. Ya ce wata biyu ke nan, duk Asabar sai ta zo. Awa ɗaya da rabi take yi a ciki, a kan wannan kwalin dai, tana koyon rubutu da fensir da safar hannu, wai biro daskarewa yake yi. Ta ma gaya masa ma'auninsa na ƙarya da maki biyu, robar ƙofarsa kuma na shan iska, ya duba ya ga haka ne.

"Ta ce kada Baba ya ji, zai damu. Ni kuwa ga Baban ya kawo kansa."

Tsohon ya naɗe bargonsa ya kama hanya. Hujjar da ya zo nema ya same ta, minti tara cif, sai dai ba a kan wanda ya yi niyya ta faɗa ba. Ya tsaya a gaban shagonsa bai buɗe ba, ya wuce.

A gida ya tarar da autar zaune a kan akwati, uwarta na ninke kaya. Matar ta shaƙi iska ta tambaye shi ko kokawa ya yi da kifi, kuma wa ya kayar da wani. Autar ba ta yi dariya ba. Ta dubi safarsa, ta dubi bargon, ta san warin sarai. Ta sunkuyar da kai.

"Baba, minti nawa?"

"Ban duba ba," in ji shi. "Sanyin nan da ake ta zuzutawa ba wani abu ba ne. Gajiya da zama ce ta fito da ni." Ya share hanci da gefen bargo, ya kalli bango. "Ki je. Allah ya tsare."

Yarinyar ta durƙusa ta kama hannunsa, ta ji shi kamar ƙarfe. Ta riƙe shi tsakanin tafukanta tana murzawa.

Ya yi atishawa uku a jere, sannan ya juya wurin matarsa ya ce ta ɗora masa ruwan zafi, babbar tukunya, ba don komai ba.