Kwana Goma Sha Ɗaya Kafin Satumba

Cikin waƙoƙi ɗari bakwai da aka aika wa gidan talabijin, goma ne suka tsallake, har da tawa. Wadda ta yi nasara a cikinsu ita za ta je gasar waƙa ta Turai da sunan Ostareliya. Shekara uku ina aikawa ana watsi da ni, ina aikin kula da tsofaffi a unguwar Mount Druitt, digirina na kiɗa yana ƙasan akwati.

Saura mako biyu a yi zaɓen, Bronwyn shugabar shirin ta kira ni ofis. Na ɗauka maganar sutura ce, don ta tsani baƙaƙen kayana da tabarmar makoki da nake ɗaurawa a ƙugu tun rasuwar Baba, bisa al'adarmu ta mutanen ƙasar Tonga.

Sai ta juyo mini da wayarta. Ni ce a coci, gaban akwatin gawar Baba, ina rera waƙar da na aika wa gasar.

"Kalolaine, ƙawata, yaushe ne wannan?"

"Ranar da muka binne mahaifina."

"Ashirin da ɗaya ga Agusta. Doka ta ce kada jama'a su ji waƙa kafin ɗaya ga Satumba. Kwana goma sha ɗaya kacal, abin haushi!"

"Jana'iza ce fa. Tikiti muka sayar?"

"An sa a intanet. Mutum tamanin da huɗu sun kalla."

Na san su duka. Danginmu ne na Tonga da ba su samu zuwa ba. Gwaggo Luseane, yayar Baba, ita ta sa musu.

Bronwyn ta turo mini takarda. "A goge bidiyon, ki sa hannu cewa ba a taɓa rera ta a ko'ina ba. Shi ke nan. Wa zai sani?"

Na karanta takardar har ƙasa, sau biyu. Baba yana kwance a asibiti na rubuta waƙar nan, shi ya gyara mini baiti na biyu. Yanzu in rantse ban yi masa ita ba?

"Ajiye bironki," na ce.

"Ki yi tunani. Akwai masu jiran gurbinki."

"Su shigo."

Da na koma gida na tarar da Gwaggo tana ɓare rogo. A wurinmu yayar uba ba a ɗaga mata murya, ko ta ƙona gida. Na zauna a ƙasa na faɗa mata.

"To, 'yar boko, nuna mini inda ake dannawa in goge," ta ce. "Ni na ɓata."

"Ba abin da kika ɓata, Gwaggo."

"Shekara uku kina wanke tsofaffin mutane saboda wannan rana!"

"Zan ƙara ta huɗu."

Ta harare ni, ta miƙo mini wuƙa. "Taurin kan ubanki. Ɓare."

Washegari aka sanar cewa na janye saboda dalilai na iyali. Ban janye ba, cire ni aka yi, kuma haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Bronwyn ta bugo daga baya, muryarta kamar zuma. "Ki sake gwadawa baɗi. Amma ki ɓoye sabuwar, kin ji?"

"Zan aiko," na ce. "Amma in wani namu ya rasu a Agusta, sai na rera masa."