Wardin Gloria

Bernadette Kowalski tana durƙushe tana tuge ciyawa a lambun bayan gidan Pemberton, tsohon gidan tarihi da baƙi ke zuwa gani, sai idonta ya faɗa kan furen. Wardi ne ruwan lemo, ya buɗe fes a tsakanin fararen furanni, ko kunya babu.

Ta miƙe da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara. Tsohuwa ce, amma duk 'yan sa kai masu kula da gidan suna kiranta Janar, kuma ba a banza ba. Dokar lambun guda ce: ba a shuka abin da babu shi a zamanin da iyalin Pemberton suke zaune a gidan. Matar nan ta taɓa tumɓuke furen da matar magajin gari ta kawo, a gaban idonta, sannan ta miƙa mata kofi. Wardi mai wannan launi kuwa, ai sabon iri ne na jiya-jiyan nan.

"Orville! Zo nan."

Orville Tate ya taho daga bakin ƙofa yana dogara sanda, da doguwar hular nan ta mutanen da, wadda yake tarbar baƙi da ita.

"Me kuma na yi, Janar?"

"Wa ya shuka wannan?"

"Iska ce ta kawo shi."

"Iskar har da shebur ta zo? Ta kuma zuba masa taki?"

Ya sunkuyar da kai. "Na Gloria ne," in ji shi. "Na sayar da gidanmu, zan koma gidan tsofaffi. Wanda ya saya siminti zai malale bayan gidan da shi. Ina zan kai shi, Bernie? Nan ne kawai zan riƙa ganinsa."

Gloria matarsa ce, bara ta rasu. Shekara da shekaru ita da Bernadette suna durƙuso gefe da gefe a wannan ƙasa, suna gulmar kowa.

"Ka san doka, Orville."

"Na sani. In kin cire shi, to ki haɗa da ni."

Wallahi abin ya soke ta har zuciya. Amma ta san in ta kau da kai yau, gobe kowa zai zo da furen mamacinsa, lambun ya tashi daga na Pemberton. Ta ɗauko shebur.

Orville bai tsaya kallo ba. Ya juya ya koma bencinsa na wajen ƙofa, ya cire hular ya ajiye, yana jiran motar da za ta mai da shi gari.

Ita kuwa ta yi haƙa mai faɗi, a hankali, don kada ta yanke saiwa ko ɗaya. Ta ɗora shi a baro da ƙasarsa. Sauran 'yan sa kai suka yi cirko-cirko, suna jiran ta nufi juji. Ta wuce jujin ko kallonsa ba ta yi ba. Ta bi ta gaban gida tana nishi, ta fita ƙofa, ta dire baron a gefen bencin Orville.

"Ɗaga ƙafarka, malam."

"Me za ki yi?"

"Doka iyakarta shinge. Nan bakin titi ne, ba ruwan Pemberton da shi."

Ta soma haƙa. Ya zuba mata ido.

"Kuma bari in gaya maka," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "da Gloria na nan, ita za ta riga ni tumɓuke shi. Har ta haɗa maka da zagi."

Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin gemunsa. "Ai kuwa. Da na sha zagi."

Ta danna ƙasa da tafin hannu kewaye da gindin, ta share gumi. Motar gari ta tsaya, direba ya leƙo yana jira.

"Ban iya shayar da lambu biyu ba," in ji Bernadette. "Wannan naka ne. Bokiti yana bayan rumbu."

Orville ya ɗaga wa direba hannu alamar ya wuce. Ya ɗauki hular ya karkaɗe ta, ya mai da ita kansa.