Filash ɗin Kawu

Tana soka filash ɗin a jikin kwamfuta allon ya yi ja, wani ɗan akwati ya faɗo da ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Amarya ta janye hannunta daga madannai. Ta daɗe da aure, amma har yau dangin mijinta da wannan sunan suke kiranta.

"Kawu, filash ɗin nan naka akwai cuta a ciki."

Kawu, ƙanin mahaifiyar mijinta, shi ne mai ginin da shagonta na buga takardu yake ciki. Yana zaune a kujerar baƙi, ya ɗora hula a gwiwa, yana jiran a fitar masa da jawabin da zai karanta a taron masu gidajen haya. Ya ɗago a hankali.

"Me kika ce?"

"Na ce da cuta a ciki. Antibairas ya kama..."

"Cuta? Ni? Wa na cuta? Da furfurata za ki dube ni a gaban mutane ki ce na zo miki da cuta?"

Wata malamar asibiti da ke tsaye tana jiran takardunta ta sa baki. "Baba, ba kai take nufi ba. Ƙwayar cuta ce irin ta na'ura, bairas."

"Ke kuma wa ya kasa da ke? Ki bari sai na zo allura."

Malamar ta koma gefe. Amarya ta juyo da allon wajensa, ta nuna masa jan rubutun. Ta yi masa bayani da muryar da ta fi kowace sanyi a cikin muryoyinta: manhajar nan mai gadi ce, duk abin da zai shiga sai ta caje shi. Ta hana a buɗe jawabin ne saboda cutar a jikinsa take. In ya yarda ya karanto mata daga ka, yanzu za ta buga masa sabo.

"To sallami mai gadin," in ji Kawu. "Kashe shi, ki fitar min da abina, ki kunna kayanki."

"Ba zai yiwu ba, Kawu."

Ba taurin kai ba ne. Bara, kafin ta sa antibairas, wani ya kawo mata irin wannan, ta wayi gari komai ya zama shara. Ɗalibai sun tsaya a bakin ƙofar nan suna kuka a kan binciken da suka ba ta amana, wata har ta zage ta ta uwa ta uba. Yanzu ma cikin kwamfutar cike yake da aikin mutane. Tun daga lokacin ba ta wasa da sabunta shi, kuma ko filash ɗin wa aka kawo sai an caje.

Kawu ya miƙe, ya fizge abinsa, ya kifa hula.

"A ginina ake ce min ba zai yiwu ba. Madalla. Wata na ƙarewa ki nemi inda za ki kai mai gadin naki."

Ya tsallaka titi ya nufi shagon hoto na Mai Gilashi. Amarya ta bi shi har bakin ƙofa, zuciyarta na tafasa, ta ɗaga murya.

"Mai Gilashi! Ka duba kafin ka buɗe!"

Duk layin ya waiwayo, har da mai faci da masu jiran mota. Kawu ya tsaya a tsakiyar titi ya nuna ta da yatsa. Mai Gilashi kuwa dariya ya yi daga ƙofarsa. "Hajiya, tawa kwamfutar ko mura ba ta taɓa yi ba. Bismillah, Alhaji."

Kafin ta gama sallamar malamar asibiti waya ta fara kuka. Surukarta ta kira, ƙanwar mijinta ta kira, har da wata gwaggo da rabon da ta ji muryarta tun sunan autanta. Labarin ya yi ƙafafu: Amarya ta kira Kawu macuci a bainar jama'a. Ba wanda ya tambaye ta me ya faru. Kowa da abin da ya kira ya faɗa, ya faɗa ya kashe.

Da yamma mijinta ya shigo daga ofis, jakar laftof a kafaɗa, ko sallamar kirki babu.

"Rufe shagon nan. Yanzu za mu je ki durƙusa ki ba shi haƙuri."

"Haƙurin me, Abban yara?"

"Au, tambaya ma kike? Mutum ya ba ki wuri, ki tozarta shi a kan wata banzar manhaja? Minti nawa ne ki kashe ta? Ke kin fi kowa sanin kwamfuta ne? Mu da muke wuni a kanta a ofis ba ma wannan iyayin."

"Aikin mutanen da ke ciki fa? In ya lalace, Kawu ne zai tsaya musu a ƙofa, ko kai?"

"In ya kore ki, a ina za ki ajiye aikin mutanen? A kan gadonmu?"

Ta buɗe baki ke nan Mai Gilashi ya faɗo shagon, gumi har cikin gilashinsa.

"Hajiya, don Allah zo ki gani. Hotunan mutane duk sun ƙi buɗuwa. Na biki, na fasfo, duka. Tun da na buga wa Alhaji jawabin nan take ta haukacewa. Wai shi a ina aka zuba masa wannan masifar?"

"Ka tambaye shi," in ji Amarya. "Je ka cire ta daga intanet, kada ka soka mata komai. Ina zuwa."

Ya fita da sauri. Mijin ya laluba kujerar baƙi ya zauna. Ya sauke jakar daga kafaɗa ya ɗora a cinya, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai riƙe da jariri marar lafiya.

"Jiya da Kawu ya zo gida," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "ni na buga masa jawabin. A wannan. Filash ɗin ma sabo ne, a gabana ya ɓare shi daga leda."

Amarya ta dube shi. Ta dubi jakar.

"Kwana biyu tana min nauyi, na ɗauka tsufa ne. Duk aikin ofishinmu yana ciki. Ki ɗan duba min mana. Amma kada maganar nan ta fita."

Ta ɗauki mayafinta da makullin shago, ta zaro faifan antibairas daga aljihun tebur.

"Ni zan leƙa wajen Mai Gilashi. Kai kuma ka san hanyar gidan Kawu. Ka gaya masa inda abin ya fito, ka kira Mama da Gwaggo su ma ka gaya musu."

"Haba, Amarya. Laftof ɗin fa?"

"Tafi da ita, a jikinka take. In ka dawo da amsar Kawu a kan shagona, sai ka shiga layi."