Kwalba Mai Jan Murfi

Wata goma sha ɗaya ke nan rabon Auta da giya da ƙwaya. Wanda bai taɓa sha ba zai ce mene ne abin ƙirgawa, amma Auta ya san kamannin kowace rana a ciki. Bai manta makon farko a cibiyar gyaran hali ba, lokacin da hannunsa ke rawa har cokali ya gagara kaiwa baki. Yayansa ne ya kai shi can, shi ya ɗauko shi, shi kuma ya samar masa aiki a shagon wani kafinta.

Tun fitowarsa Yaya ya kafa doka. Duk farkon wata sai ya tsayar da babbar motar kamfanin da yake tuƙawa a ƙofar shagon, ya miƙo 'yar kwalba mai jan murfi. "Cika min da fitsari. Asibiti zan kai a auna, ba za ka yi min wayo ba." Auta ya zagaya bayan shago ya kawo ta da ɗuminta. Bayan kwana biyu Yaya ya bugo waya: "Tas! Haka nake son ji."

Wannan "tas" ɗin ce ta riƙe Auta. Ranar da tsoffin abokan sha suka tare shi a titi, ita ya tuna ya wuce. Sauran dangi addu'a suke masa daga nesa, suna ɓoye wayoyinsu in ya shigo ɗaki. Yaya kaɗai ke bin diddiginsa, kuma Auta na jin daɗin haka.

Rannan da hantsi ya je gyara wa matar Yaya ƙafar kujera. Tana tsaye a kansa ta ce, "Auta, Allah ya saka maka. Ba don kwalbar nan taka ba, da tuni kamfani sun karɓe makullin motar."

Ya tsaya da guduma a hannu. "Kamfani kuma?"

"Gwajin direbobi mana. Ai ya ce kun yi magana. Ka san shi, in bai haɗiyi ƙwayoyin nan ba, ba ya iya doguwar tafiya." Sai ta ga fuskarsa, ta kama baki. Amma magana zarar bunu ce.

Ashe duk takardar da ta fito tas, sunan Yaya ne a kanta. Ba wanda ya taɓa auna Auta. Abin ya ci masa rai fiye da duk zagin da ya sha a baya.

A hanyar komawa ya tsaya a ƙofar tsohuwar mashayarsa. Zuciya ta ce masa ya shiga ya kora ɗaya, gobe ya cika wa Yaya kwalbarsa, a fasa kowa ya rasa. Shaiɗan bai taɓa kawo masa shawara mai daɗin wannan ba. Ya daɗe a tsaye, warin wurin na kiransa, sannan ya ja ƙafa da ƙyar ya koma shago.

Washegari motar ta tsaya. Yaya ya miƙo kwalba ta taga. "Yi sauri, yau zan kai."

Auta ya karɓa, ya juya ta, ya mayar masa babu komai a ciki. "Yaya, zo in raka ka cibiyar nan. Na san hanya."

Yaya ya murtuke. "Kai ɗan ƙwaya ne za ka yi min wa'azi?"

"Ɗan ƙwayar ne dai yake ci maka jarrabawa duk wata."

Motar ta tashi da ƙarfi, ta bar masa hayaƙi. Auta ya koma ciki ya ɗauki zarto. Jibi ba wanda zai bugo masa waya, ya sani. Ya danne katako da gwiwa ya ci gaba da yanka.