Jan Barkono da Baƙin Kati

"To ka zaɓa, ko zakaran nan ya bar gidan ko ni in bar shi," in ji 'yata Lamduan, tana tsaye a kan matakala da ludayi a hannu.

Mijinta Prasoet yana tsakar gida rungume da jan zakaransa kamar mai jego da jariri. Ya ce zakara bai yi wa kowa laifi ba, haka aka ƙyanƙyashe shi. Ta ce ita ma ba ta ce ya yi laifi ba, ja ne kawai, kuma jan abu ba zai sake kwana a gidan nan ba sai an wuce jibi. Ya tambaye ta ko jinin jikinsa ma zai zubar, tunda shi ma ja ne. Ta ce da yana da jini a jika ai da tuni ya gyara mata rufin kicin.

Ni kuwa ina ƙarƙashin gida, da yake a kan dirkoki aka gina shi, gaban turmina, inda na shekara talatin ina sayar da kwaɗon ɗanyar gwanda. Na sassauta daka don kada wata kalma ta wuce ni.

Duk wannan rigima a kan jikana ce, Piak. Sunansa na takarda Wirot, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi haka ba sai ranar da aka ba shi digiri a Khon Kaen. Kiwon kifi ya karanta, shekara huɗu, abin da kakansa ya yi har ya mutu ba tare da ya riƙe biro ba. Duk shekarun nan ana ɗaga masa ƙafa a kan zancen aikin soja na dole saboda karatu. Bana babu sauran ɗagawa, jibi zai je harabar gunduma tare da sa'o'insa. Mai digiri in ya ɗaga hannu ya ce ya yarda, wata shida zai yi a bariki ya dawo. In ya ƙi, sai ya tura hannu cikin gwangwani. Baƙin kati, ya koma gida, shi da soja har abada. Jan kati, shekara guda cur.

Lamduan baƙin kati take so, kuma ba da wasa ba. Ta je gindin tsamiyar bakin gari, wurin ɗan ɗakin katakon Pu Kham, kakan da ya kafa garin nan, ta yi bakance: in ɗanta ya zaro baƙi, dafaffun kaji tara da kwalbar giyar shinkafa. Daga nan ta dawo ta shiga farautar ja a gida. Bokiti ya tafi, kalanda ta sauka daga bango, ƙyallen da Prasoet ke ɗaurawa a ƙugu ya shiga ƙasan akwati. Yaron nan kuwa sati guda ba ya cin komai sai baƙar shinkafa mai danƙo da baƙin riɗi.

Duk ban ce uffan ba, sai da ta zo kan teburina ta kwashe tumatir da jan barkono ta bar mini kore. Kwaɗon gwanda ba jan barkono! Direban babur ɗin da ke ci a wurina kullum ya ɗanɗana ya tambaye ni ko likita ne ya hana ni.

Shi kuwa Prasoet so yake ɗansa ya ɗaga hannu, wai bariki ce ke mayar da yaro namiji. Shi ma a zamaninsa ja ya zaro, ya yi shekara biyu, kuma in ya fara labarin sai ka rantse shi kaɗai ya tsare iyakar ƙasar nan. Ni dai na sani, domin uwarsa ta gaya mini kafin ta rasu: zakarun faɗa na wani hafsa ya shekara biyu yana yi wa wanka da ruwan ɗumi yana shafa musu kurkur. Abin da ya koyo ke nan, kuma gaskiya ya iya.

Uwa na ja nan, uba na ja can, babu wanda ya tambayi mai hannun da za a tura a gwangwani.

Da rana ta yi tsaka na ɗauki kwandon baƙar shinkafarsa na bi shi bakin kududdufin bayan gida. Zafin Afrilu ya sa ko karnuka sun daina haushi. Na same shi yana watsa wa kifi abinci, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Na ce ya ci, ko hanjinsa ya ƙara baƙi. Ya yi 'yar dariya, ya ce da za a tsaga cikinsa yau da an sami gawayin dafa abincin wata guda.

Na zauna na yi shiru. Shiru ba halina ba ne, amma na san yana buɗe bakin mutane fiye da tambaya.

Ashe yaron nan ya sami aiki. Wani gidan ƙyanƙyasar kifi a Nong Khai ya ce ya zo farkon Nuwamba, lokacin da mai riƙe da wurin zai yi ritaya. Ya ɓoye ne don kada uwarsa ta ƙara kaji a kan taran nan.

"Yai, kakata, in na ɗaga hannu zan shiga a Mayu in fito ƙarshen Oktoba, daidai ke nan," in ji shi. "In na zaro ja, aikin ya tafi, ba za su jira ni shekara ba. Ni ba na son in sa rayuwata a gwangwani."

Na tambaye shi ko yana son sojan ma. Ya ce bai sani ba, yana tsoron gudun safe da aski, amma wani lokaci yakan ji yana son ya ga ko zai iya. Na ce to me ya hana shi faɗa. Ya ce ya fara, ranar Lahadi, uwarsa ta zauna a ƙasa ta yi kuka har ya ce wasa yake yi.

"Faɗa dai kai za ka faɗa da bakinka," na ce masa. "Ni hanya kawai zan share maka."

Duk wadda ta haifi 'ya mace ta san in ana son 'yar ta yarda da magana, kada ta ji ta daga bakin uwarta. Don haka da maƙwabciyarmu Buaphan ta zo sayen kwaɗo da la'asar, na jawo ta kusa na ce akwai abin da ke ci mini rai, amma ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Buaphan ta rantse. Rantsuwarta kuwa ta fi lasifikar mai gari saurin kai labari.

Na ce mata kakata ta gaya mini Pu Kham mayaƙi ne, da takobi ya zo ya kafa garin nan, kuma ba abin da yake ƙauna kamar soja. Ciwo, jarrabawa, saniyar da ta ɓata, duk a roƙe shi. Amma wanda ya je ya ce masa ya raba ɗansa da bariki, to ya zage shi ne a fuska, kuma da hannunsa zai sa wa yaron jan kati. Na lissafa mata mutum uku da suka zaro ja a garin nan, na ce ta bincika ta ji ko iyayensu mata ba su je gindin tsamiya ba.

A nan ban yi ƙarya ba. Duk sun je. Iyayen waɗanda suka zaro baƙi ma sun je, amma ba a tambaye ni su ba.

Idon Buaphan ya yi ƙyalli, domin ita a babban haikalin birni ta yi wa ɗanta Noi nata bakancen. Ta manta kwaɗon a kan tebur ta tafi.

Ban gama wanke turmi ba sai ga Lamduan, fuska ba jini. Ta ce mai aski ya gaya wa mai sayar da ƙanƙara, ita kuma ta gaya mata, wai Pu Kham janar ne, yana da giwaye bakwai. Ni takobi ɗaya na ba shi, giwayen a hanya ya same su.

"Mae, uwata, da gaske ne? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Na ce wa ya tambaye ni, ni da ba a bar mini ko barkono ba. Ta ce ko za ta koma ta janye bakancen. Na ce ta taɓa ganin an mari mutum an ce masa an janye? Ta zauna a kan benci ta riƙe kai, tana ta cewa shekara guda, shekara guda. Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Ni na haife ta, kuma na san tun ranar da zazzaɓi ya kusa ɗauke Piak yana ɗan wata takwas ba ta sake barci da ido biyu a rufe ba. Amma na daure na ci gaba da goge taɓarya.

Da aka shimfiɗa tabarmar cin abinci, Piak ya wanke hannu, bai taɓa shinkafa ba, ya yi magana. Ya faɗi zancen aikin, ya faɗi lissafin watanni. Ya ce zai ɗaga hannu, kuma yana son uwarsa ta sa masa albarka, ba ta yi masa kuka ba. Lamduan ta yi kukan dai, kaɗan. Sannan ta ce wata shida ya fi shekara, ta tashi ta ɗauko farin zare ta ɗaura masa a wuyan hannu. Prasoet ya buɗe baki zai fara labarin iyaka, na tura masa ƙafar kaza a ciki.

Washegari barkonona ya dawo, zakara ma aka bar shi ya yi cararsa.

Ranar kuwa duk muka ɗunguma a bayan motar ɗaukar rake. Harabar gunduma ta cika, samari a zaune layi-layi ba riga, an rubuta musu lamba a hannu, iyaye mata sun kewaye da laima. Aka auna tsayin Piak, aka auna ƙirjinsa, ya sa hannu a takarda tun kafin azahar. Ya fito yana murmushi irin wanda ban gani ba tun watan jiya. Muka tsaya kallon masu gwangwani, don ba a zuwa irin wannan wuri a koma ba labari. Wani ƙato mai zanen damisa a baya ya ji an ce ja, ya sulale ƙasa kamar jiƙaƙƙen zane. Noi kuwa ya tura hannu ido a rufe, sojan ya ɗaga kati ya ce baƙi. Buaphan ta yar da laima ta shiga rawa, ta zagaye mu sau biyu, tana ce wa Lamduan ai wurin roƙo ma sai an iya zaɓe.

Muka koma gida. Na daka kwaɗo mai barkono goma sha biyu, muka hau sama muka zauna. Sai Lamduan ta yi ajiyar zuciya ta ce ba komai, ko da Piak ya tura hannu ja zai zaro, tunda ta riga ta ɓata wa janar rai.

Prasoet ya riga ya sha kofi biyu na giyar shinkafa. Ya kwashe da dariya.

"Wane janar? Pu Kham fataucin bauna yake yi. Bai taɓa riƙe abin da ya fi igiya kaifi ba."

Na taka masa ƙafa, bai ji ba. Ya ce mai kula da ɗakin tsamiya ne ya gaya masa da bakinsa, kuma mutumin jikan jikan Pu Kham ne. Lamduan ta ajiye lomarta a hankali ta tambaye shi me ya kai shi wurin mai kula da ɗakin. Nan ya gane ya zurma, amma baki ya riga ya buɗe. Ashe shi ma ya je ya yi nasa bakancen a ɓoye: in ɗansa ya shiga soja, dafaffiyar kaza guda.

Ta juyo ta dube ni. Na ce kakata ta tsufa ƙwarai lokacin da ta ba ni labarin, wataƙila ta haɗa shi da wani.

"Mae, ke da kakarki ta rasu kafin a haife ki."

Piak ya matso ya riƙe hannunta da hannunsa mai zaren nan. Ya ce ko Pu Kham janar ne ko mai bauna, shi abin da ya zaɓa ke nan, kuma da zai faɗa ko ba a share masa hanya ba, sai dai wataƙila da sai a bakin gwangwani. Ya ce wata shida ne, ta fara tara masa soyayyen kifi na ranar ziyara.

Ta shafa kansa, ta ce su aske wannan gashin ma ta huta da faɗa. Sannan ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta, ta zare wuƙar da ke soke a bango.

"Baban Piak, kai roƙonka ya karɓu, ko ba haka ba? Bakance kuwa ba ya kwana. Kaza guda ka ce, na san wadda za ta isa Pu Kham."

Prasoet yana neman inda ƙafafunsa suke, zakara ya yi cara a tsakar gida kamar an kira sunansa. Lamduan ta fita, ta maka ƙofar da ƙarfin da ya sa kofin giyar ya kife a kan tabarma.