Jitar Tukur da Akwatunan Mamuda

Mamuda mai hayar kayan sauti a Makarfi macuci ne, kuma ta ido yake cutar mutane. Ya lura cewa masu biki ba sa tambayar ƙarfin amfilifaya ko girman lasifika, tsayin kaya kawai suke kallo. In sun ga baƙaƙen akwatuna an jibga sun wuce kan mutum, sai su ce ga mai kaya. Don haka ya je wurin kafinta aka buga masa akwatuna da falanki marar kauri, aka shafe su da baƙin fenti, aka rufe fuskarsu da raga. Babu lasifika a cikinsu, babu waya. Ɗaya ne tak na gaskiya, shi yake ajiyewa a ƙasa, ya ɗora na ƙarya a kansa.

Wanda ya faɗa hannunsa shi ne Tukur, wani tela a Ikara da Allah ya jarabce shi da son jitar bes, wato mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ta kuka sai gurnani. Ranar da ya je sayenta a Zariya ya wahalar da mai shago. Ya kanne ido ɗaya ya duba ko wuyanta a miƙe yake, ya danna kowace tsirkiya tun daga sama har ƙasa, ya sa aka jona ta ya saurara. Sai da ya ƙi uku kafin ya ɗauki wata ja ta hannu.

Lawal, mawaƙin da Tukur ke bi, bai yarda da ita ba.

"Wannan gurnanin ai mai fiyano da yatsa ɗaya yake yin sa," in ji shi. "Amma zan gwada ka. Manoman masara na Likoro za su buɗe sabon sito, sun gayyace mu. Kai za ka nemo kayan sauti. In mutane suka ji jitarka a ƙirjinsu, ka zauna da mu. In ba su ji ba, ka koma kan kekenka."

To, ga inda Tukur ya yi wauta. Mutumin da ya ƙi sayen jita sai ya ji muryarta, da ya shiga shagon Mamuda ya ga akwatuna har rufi, sai ido ya ruɗe shi.

"Malam Mamuda, a ɗan kunna in ji mana."

"Da wace wutar? Ga shi injin wuta ba mai. Kai dai dubi kaya. Ranar da na kunna su duka a Kudan, sai da aka aiko daga asibiti a rage."

Tukur ya kai hannu zai taɓa na sama.

"Kai, kai, tela! Ba yadi ba ne. Kallo kawai."

Tukur ya biya kuɗin haya, ya fito yana murmushi, yana ganin ya gama da Lawal.

A Likoro ba a barin baƙo ya sauke kayansa da kansa. Ranar bikin, motar Mamuda na tsayawa majiya ƙarfi suka yo kanta suna naɗe hannun riga. Mamuda ya bari suka ɗauki inji da akwatin ƙasa, sauran kuwa ya ce ko ɗan cikinsa bai yarda ya taɓa ba. Shi kaɗai ya riƙa rungumo su ɗaya bayan ɗaya, yana nishi, yana tangaɗi, yana kiran sunan Allah a kan falankin banza. Dattawa suka tausaya masa.

"Sannu, bawan Allah. A kawo masa fura."

Ya sha, bai ji kunya ba.

Bayan la'asar fili ya cika, maza a inuwar sito, mata a kan tabarmi dab da tulin akwatuna. Aka tada inji. Mamuda ya cusa muryar Lawal da fiyano da jitar Tukur duk cikin akwati ɗaya, ya zauna bayan na'urarsa yana murɗe-murɗe kamar mai aiki. Lawal ya fara waƙa, Tukur ya ja tsirkiya. Abin da ya fito bai fi ƙarar murfin tukunya ba. Ya sake ja. Lawal ya waiwayo ya yi masa wani kallo.

Gumi ya karyo wa Tukur. Ya matsa kusa da Mamuda.

"Don Allah ƙara mini. Ina sauran akwatunan?"

"Suna aiki. Yatsunka ne ba ƙarfi, sun saba da allura."

"Ka ƙara, na ce!"

Don ya rabu da shi, Mamuda ya murɗa masa har ƙarshe. Tukur kuma da haushi ya finciki tsirkiya mafi kauri. Akwatin ƙasa ya yi wata irin girgiza. Na sama, da yake ba su da nauyin da zai riƙe su, suka fara tafiya a hankali. Na can ƙoli ya leƙo, ya yi ɗan jinkiri, ya taho kan mata.

Aka sa salati. Inna Hassana, shugabar mata manoma, tsohuwa ce mai jikoki. Ta ɗaga hannu don ta kare kanta, sai ga akwati zaune a tafinta. Ta ɗaga shi sama, ta sauke, ta sake ɗagawa da hannu ɗaya.

Kiɗa ya tsaya.

"Ikon Allah," in ji ta. "Wannan ai ƙwaryar furata ta fi shi nauyi."

Ta ƙwanƙwasa, ta juya bayansa, falankin ya ɓalle. Ta leƙa kanta ciki.

"Salamu alaikum, masu gida! Shiru. Mamuda, mutanen naka sun yi tafiya ne?"

Fili ya kece da dariya. Majiya ƙarfin nan da aka hana ɗauka suka taso, kowa ya suri akwati da hannu ɗaya, wani har da ɗorawa a ka yana rawa.

Tukur bai yi dariya ba, don ya ji Lawal na cewa, "A cire jitar nan, akwati ɗaya ba zai ɗauke mu duka ba. Murya dai a ji."

"Maigida, ka yi mini rai," in ji Tukur. "Kuskurena ne, na yarda. Amma ga lasifikar ƙaho can a kan motar ƙungiyar manoma, wadda suke shela da ita. Ba ta iya gurnani, amma murya har gona take kai ta. Kai da fiyano ku hau ta, ku bar mini wannan ni kaɗai."

Lawal ya dubi jama'a, ya ga ba mai niyyar tashi.

"Waƙa ɗaya," in ji shi.

Tukur ya ja akwatin gaskiya ya kai shi kusurwar sito, ya zaunar da shi a ƙasa, bayansa jingine da gini, don bango ya taya shi. Ya rage ƙarar da Mamuda ya ƙure har lasifikar ta daina kakari. Ya yi bismillah, ya taɓa tsirkiya a hankali.

Sautin bai yi ihu ba. Ta ƙasa ya biyo, ya shiga tabarmi, ya hau ƙafafu. Kwanon rufin sito ya amsa. Wani dattijo ya dafe ƙirji ya dubi na kusa da shi.

"Kai ma ka ji, ko ni ne ba lafiya?"

Mai kalangun Lawal ya shigo, muryar Lawal ta fito tar daga ƙaho, jitar na tafe a ƙarƙashinsu kamar sa mai jan garma. Inna Hassana ta gyara ɗaurin zani ta shiga fili, mata suka bi ta da guɗa. Waƙa ɗaya ta zama wasa har rana ta yi ja. Ana naɗe wayoyi Lawal ya zo ya tsaya kan Tukur, yana ƙoƙarin ɓoye fara'a.

"Akwai suna a Malikanchi ranar Asabar. Ka zo da wuri. Kuma in ka sake hayar kaya ba ka ji su da kunnenka ba, ni da kai ne."

Shi kuwa Mamuda, shugabannin ƙungiya suka zaunar da shi gaban jama'a. Aka ƙwace akwatunan ƙaryar, aka raba wa mata su yi akurkin kaji. Aka yi shela cewa kada wanda ya ƙara kiransa biki a Likoro da kewaye. Labarin ya riga shi isa Makarfi, ba wanda ya sake hayar kayansa. Yanzu cajin waya yake yi a bakin tasha.