Hannun Daman Kofur Silvanus

A watan Afrilun 1972 gwamnati ta ce motoci da kekuna su bar hannun hagu su koma bin dama. Duk Kafanchan ba wanda dokar ta yi wa daɗi kamar Kofur Silvanus. Shekara tara yana ɗan sanda bai taɓa kama komai ba sai awakin da suka shiga filin reluwe, sai ga shi an ba shi farar safar hannu da usur, an tsayar da shi a mararrabar da ake shigowa gari daga Madakiya. Tun daga ranar ya daina amsa gaisuwa.

Baba Zamani kuwa ya haura saba'in. Ya yi shekara talatin yana zuba gawayi a wutar jirgin ƙasa, ƙarar inji ta cinye masa kunne, sai an yi masa ihu yake ji. Da ya ajiye aiki ya koma Madakiya yana noman citta da acca. Duk Laraba yakan hau kekensa ya kai wa ƙanwarsa Afiniki garin acca a Kafanchan, don idonta ya daina gani. 'Yarsa Malama Regina, mai koyarwa a firamare, ta koya masa sabuwar doka, har ta ɗaura masa jan zare a hannun keken na dama.

Wata Laraba da hantsi ya taho a hankali. Kofur ya busa usur, Baba bai ji ba, ya ɗaga hula ya gaishe shi ya wuce. Kofur ya bi shi da gudu ya fizgi kariyar da ke bayan keken. Tsohon ya faɗi, garin ya watse a ƙasa, yana ƙoƙarin tashi mari ya same shi.

"Ɗana, ban ji ka ba ne. Kunnen ya mutu."

"Yau zai tashi," in ji Kofur.

Ya sa shi ya durƙusa a kan tsakuwa, ya kuma sa shi ya ɗaga keken bisa kansa, wai don masu wucewa su koyi doka. Larai mai sayar da lemo a bakin hanyar ta roƙe shi ya dubi furfurar mutumin, ya ce in ta ƙara magana za ta durƙusa kusa da shi da tirenta a ka. Baba ya yi fiye da awa guda a rana kafin ya kife. A amalanke aka kai shi gidan Regina, gwiwoyi a fashe, kafaɗa ta goce.

Regina ta je ofishin 'yan sanda. Sajan ɗin da ke zaune a kanta ya ce Kofur aikin gwamnati yake yi, in tana da ƙorafi ta rubuta. Ta rubuta, ta kai. Aka yi sati ba amsa.

Ranar Alhamis 'yan Zumuntar Mata suka tashi daga coci, su wajen arba'in, suka zo da tulunan kiɗansu da caki, suka zauna a gindin mangwaron ƙofar ofishin. Ba su zagi kowa ba. Waƙoƙin tuba kawai suke yi daga safe har yamma, washegari suka dawo. Mai ba da waƙar kuwa Lai'atu ce, matar Sufeto Leonard, shugaban ofishin, kuma tun da aka fara ba ta ɗora tukunya a gida ba. Rana ta uku Sufeto ya gano cewa lamarin yana bukatar bincike cikin gaggawa.

Regina ta dage a yi binciken a mararrabar. Kofur dai ya rubuta a rahotonsa cewa ya kama tsohon yana bin hagu. Sufeto ya ce wa Kofur ya tsaya inda ya tsaya ran nan, sai ya tsaya a tsakiyar hanya, ya ba gari baya, ya turo ƙirji. Larai ta nuna inda garin acca ya zube, Regina ta turo keken zuwa daidai wurin. Sufeto ya tambaye shi wane hannu ne wannan. Kofur ya ɗaga hannunsa da ƙarfi.

"Ga shi nan, Oga, a haguna."

"Hagunka, ko hagunsa?" in ji Regina.

Sufeto ya kama kafaɗunsa ya juya shi ya fuskanci gari, kamar yadda mai shigowa yake fuskanta. Keken ya koma damansa. Kofur ya dubi hannunsa ɗaya, ya dubi ɗayan, ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Larai ta ce ai kwana goma sha biyu ke nan yana koro masu shigowa gari zuwa hagu, direbobi har sun fara zagayewa ta cikin gonar mutane.

Aka cire wa Kofur igiyoyinsa biyu, aka ce zai koma aiki can garin Kauru. Amma da aka kawo wa Regina takardar binciken sai ta ga an rubuta cewa ɗan kuskuren fahimtar sabuwar doka aka samu, babu mari, babu durƙuso. Ta ƙi sa hannu. Sufeto ya ce Malama ta yi haƙuri, ai an riga an buga. Ta ce matan ma suna da sauran waƙoƙi. Kafin la'asar an sake bugawa.

Kafaɗar Baba ba ta ƙara ɗaga garma ba, keke ma bai sake hawa ba, sai Afiniki aka mayar Madakiya kusa da shi.

Kafin Silvanus ya tafi Kauru, Sufeto ya kai shi har gidan Baba ya ba da haƙuri. Baba ya sa aka ba su ruwa, sannan ya tambaye shi ɗan wa ne. Silvanus ya faɗa masa a kunne da ƙarfi. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce ya san ubansa, tare suka yi aiki, shi ne mai juya wa jirgi layi a tashar Kafanchan, wannan ya nufi Jos, wancan ya nufi Kaduna.

"Da kai aka ba aikinsa, da duk mun mutu tun tuni," in ji Baba. Ya ce ya gafarta masa, ya gaishe da mamansa in ya je gida.